Kiyaye Ƙaramar Madatsar Ruwa ta Ƙasa: Darasi Daga Alau

A daren Litinin 9 ga Satumba, 2024, wayewar garin Talata, ruwa ya fi ƙarfin madatsar Alau da ke kan kogin Ngadda, ya ɓalle ta, ya nufo Maiduguri alhali yawancin mutane suna barci. Kafin hantsi ya shafe Fori da Gwange, ya shiga Kasuwar Monday da fadar Shehun Borno da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Gidan namun daji na Sanda Kyarimi ya nutse, dabbobi da yawa suka mutu, waɗansu kuma, har da kadoji da macizai, ruwa ya kwashe su zuwa cikin unguwanni. Katangar gidan yari ta faɗi, fursunoni 281 suka fice. An yi hasarar rayuka, kuma dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu. Dattawan gari ba su ga baƙon abu ba, gama shekara 30 kafin nan, a 1994, ruwan Alau ya taɓa yi wa Maiduguri irin wannan shigar.

An gina madatsar Alau tsakanin 1984 da 1986, kimanin kilomita 20 daga Maiduguri ta wajen Konduga, domin ba birni ruwan sha da kuma taimakon noman rani. An tsara ta ne don ta riƙe ruwa wajen mita murabba'i mai zurfi miliyan 112. Tafkin kuwa ya girmi madatsar nesa ba kusa ba, don masana tarihi sun ce a nan aka binne Mai Idris Alauma, daga nan ne ma ya sami wannan laƙabi. Da aka datse shi sai ya zama wurin kamun kifi da lambuna, kuma wurin da iyalai kan je shan iska ranakun hutu.

Alau ba ƙarama ba ce. A ƙa'idar injiniyoyin duniya, babbar madatsa ita ce wadda tsayinta ya kai mita 15, ko kuwa wadda ta wuce mita 5 tana kuma riƙe da ruwa fiye da mita murabba'i mai zurfi miliyan 3. Manyan madatsu suna da hukumomi da injiniyoyi masu lura da su, kuma a 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da kashe naira biliyan 80 domin sake gina ta Alau. Wannan darasi kuwa an shirya shi ne saboda ƙananan, watau irin waɗanda ƙaramar hukuma, ko makaranta, ko ƙungiyar masunta, ko wani mai hali yakan tara ƙasa ya datse rafi, a sami tafki na kiwon kifi da wanka da shaƙatawa. Su ne suka fi yawa, su ne kuma sau da yawa ba su da mai duba su. Abin da ke karya babba shi ke karya ƙarama, kuma ƙauyen da ke ƙarƙashin ƙaramar madatsa, in ta ɓalle da tsakar dare, ba zai tsaya tambayar tsayinta ba.

Yadda aka gina ta, da nauyin da take ɗauke da shi

Mutane kan ce dam, waɗansu su ce madatsa. Mu a nan za mu riƙa cewa madatsa in muna nufin aikin gaba ɗaya, tudun ƙasar da ya tare ruwa kuwa mu kira shi ganuwa, don kamarsa ɗaya da ganuwar birni: faffaɗan gindi, siririn doro. Gefen da ke duban tafki shi ne fuskar ganuwa, ɗaya gefen kuma bayanta. A tsakiyarta akan sa yumɓu mai danƙo wanda ruwa ba ya ratsawa da sauƙi, a haƙa masa rami ya nutse cikin ƙasa har ya tarar da wuri mai tauri. Ba a jibge ƙasar a tashi guda. Shimfiɗa ake yi kamar ta santimita 15 zuwa 20, a yayyafa ruwa, a bi da rola a daɓe, sa'an nan a ƙara wata, kamar dai yadda mata kan yi daɓen ɗaki. A gefe guda kuma akan yanka wata faffaɗar hanya wadda ta fi doron ganuwa ƙasa, domin in tafki ya cika rarar ruwa ta bi ta nan ta koma rafi. Wannan ita ce mafitar rara, kuma mai karatu ya riƙe sunanta, gama rayuwar madatsa a hannunta take.

Ruwan da ya cika akwati mai mita 1 a tsawo da fāɗi da zurfi nauyinsa tan 1 ne. Turin da ruwa ke yi wa ganuwa kuwa ba ya ƙaruwa daidai da zurfi, ninkuwa yake yi. In zurfin ruwa mita 4 ne, kowace mita ɗaya ta tsawon ganuwa tana tare turin tan 8. In zurfin ya zama mita 8, turin tan 32 ne, watau ninki huɗu. Saboda haka mutumin da ya ce bari ya ƙara wa tafkinsa ruwa kaɗan, ya jera buhunan yashi a bakin mafitar rara don ya sami na kaiwa ƙarshen rani, ya ɗora wa ganuwar kayan da ba a auna ta da shi ba, ya kuma cinye tazarar da aka bari tsakanin ruwa da doro. A ƙananan madatsu ba a son wannan tazara ta gaza mita 1, kuma injiniya ne ke ƙayyade ta, ba mai tafki ba.

In ruwa ya haura doro

Ganuwar siminti tana iya jure ruwa ya bi ta kanta. Ta ƙasa ba ta iyawa. Da zarar ruwa ya haura doro ya gangara ta baya, sai ya soma cin ƙasa daga gindi, yana yanka kwari yana komowa sama, har ya tsaga doron. Da ya sami ƙofa kuwa sai ƙofar ta yi ta faɗaɗa da kanta, kuma cikin sa'a ɗaya ko biyu aikin shekaru yana iya tafiya.

Kada wani ya ce ai ƙasarmu ba ta ruwa ba ce. Gaskiya ne ruwan da Maiduguri kan samu a shekara bai cika wuce milimita 600 ba, amma kusan dukansa cikin wata uku yake zuba, daga Yuli zuwa Satumba, kuma yakan zo ne da ƙarfi a 'yan sa'o'i. A yi lissafi. In aka yi ruwan milimita 100 a kan fili mai murabba'in kilomita 10 wanda ke gangarowa cikin tafki, ko da rabinsa kaɗai ya kwararo, tan 500,000 ke nan na ruwa ke neman wurin zama a dare guda. In tafkin ya riga ya cika, ba inda wannan ruwa zai bi sai mafitar rara. In ta toshe, ya bi ta doro.

Akwai wani labari daga Amurka da ya kamata duk mai tafkin shaƙatawa ya sani. A jihar Fensilbaniya akwai wata tsohuwar madatsar ƙasa da ake kira South Fork, kimanin kilomita 23 sama da garin Johnstown. Gwamnatin jiha ce ta gina ta domin ba hanyar jiragen ruwa ruwa, daga baya aka yi watsi da ita. Wani kulob na attajirai masu sha'awar su da farauta, cikinsu har da Andrew Carnegie mai masana'antun ƙarfe, ya mallake ta ya mai da tafkin wurin hutu. Bututun da ake rage ruwa da su an riga an cire, ba a kuwa mayar ba. Aka rage tsayin doro don ya yi fāɗin da kekunan doki za su wuce. Aka kuma kafa raga a bakin mafitar rara don kada kifin da aka zuba ya tsere. Ran 31 ga Mayu, 1889, bayan ruwan sama mai yawa, tarkace ya maƙale a ragar, tafki ya haura doro, ganuwa ta tafi. Mutum fiye da 2,200 suka hallaka. Babu ɗaya daga cikin waɗannan gyare-gyare da aka yi da mugun nufi. Kowannensu an yi shi ne don jin daɗin masu shaƙatawa, kuma ga wanda bai san aikin ba kowannensu ƙaramin abu ne.

Don haka kada a kafa raga, ko a ɗaura taru, ko a jera duwatsu, ko a gina rumfa a bakin mafitar rara. Kafin ruwan fari a share ta sarai, a cire kachala da ciyawa da itacen da iska ta kayar da yashin da ya taru. Bayan kowane babban ruwa a koma a duba, musamman ƙarshenta inda ruwa ke faɗawa cikin rafi, don nan ne zaizaya kan soma ta riƙa cin baya. In akwai ƙofa ko famfon rage ruwa, a buɗe shi a rufe aƙalla sau biyu a shekara, a sa masa man shafawa. Famfon da ya shekara biyar ba a taɓa shi ba, ranar da aka bukace shi tsatsa ce za ta amsa.

Ruwan da ke bi ta ciki

Hanya ta biyu ta fi ta farko wuyar ganewa, gama ba ta bukatar hadari ko tsawa. Madatsa tana iya karyewa da rana tsaka cikin watan Maris.

Babu ganuwar ƙasa da ruwa ba ya ratsawa ko kaɗan. Kullum yana tsattsafowa a hankali ta tsakanin ƙwayoyin ƙasa, ya fito ta gindin baya, kuma injiniyoyi sun san da haka, shi ya sa sukan shimfiɗa yashi da tsakuwa a wurin, ruwa ya wuce ƙasa ta tsaya. Haɗari yana somawa ne sa'ad da ruwan ya fara ɗaukar ƙasa yana fita da ita. Ƙwaya ɗaya ta tafi ta bar gurbi, gurbin ya ƙara wa ruwa gudu, gudun ya ɗauki ƙwaya goma. Da haka rami kan soma daga baya yana cin gaba zuwa cikin tafki, kamar ramin gafiya, ba wanda ya gani daga waje. Ranar da ya huda fuskar ganuwa, ruwa ya sami bututu, rufin ramin ya rufta, doro ya zauna. Haka ya faru ga madatsar Teton a jihar Aidaho ta Amurka ran 5 ga Yuni, 1976. Sabuwa ce fil, mai tsayin mita 93, ana cikin cika ta karo na farko. Da safe aka ga ruwa mai laka yana fitowa, aka tura katafila biyu su cike ramin, ramin ya haɗiye su, direbobin suka tsira da ƙyar. Kafin azahar ganuwa ta karye.

Abin da mai gadin madatsa zai koya a nan ba ya bukatar karatu mai zurfi. Ya san kowane wuri da ke yoyo a bayan ganuwarsa kamar yadda makiyayi ya san shanunsa. Ya kafa turke a kowanne. Sau ɗaya a mako ya tara bokiti ya duba agogo, ya ga minti nawa yake ɗauka kafin ya cika, ya rubuta. Sa'an nan ya ɗebi ruwan a kwalba mai haske ya ajiye ya kwanta. In ruwan garau yake, kuma yawansa bai canja ba sai gwargwadon hawa da saukar tafki, to babu damuwa, a ci gaba da lura. In kuwa bokitin da ke cika a minti goma ya koma cika a minti biyar alhali tafki bai ƙaru ba, ko aka ga laka ta kwanta a gindin kwalba, to ganuwa ce ke fita ta wannan rami, kuma ba maganar gobe ba ce. A aika wa injiniya a ranar.

Akwai sauran alamu. Wuri ya yi kore shar a bayan ganuwa cikin bazara alhali ko'ina ya bushe. Ƙasa ta yi lumtsi ƙarƙashin ƙafa. Ruwa yana ɓuɓɓugowa a fili bayan gindin ganuwa yana tara yashi kewaye da bakinsa kamar gidan tururuwa. Wani wuri a doro ya lotsa. Ruwa yana juyawa a fuskar tafki kusa da ganuwa kamar ana zuba shi a mazurari. Wannan ta ƙarshe ita ce mafi muni, kuma wanda ya gan ta ya fara da gargaɗin mutanen da ke ƙasa kafin kome.

A nan mutane kan yi wani kuskure da kyakkyawar niyya. In sun ga ruwa na ɓuɓɓugowa sai su danna masa yumɓu ko siminti su toshe. Toshewar ba ta hana ruwan zuwa, sai dai ta tara ƙarfinsa a cikin ganuwa ya nemi wata kafa. Abin da ake yi shi ne a kewaye wurin da buhunan yashi kamar bakin rijiya, ruwa ya taru a ciki ya rage gudu har ya daina ɗauko ƙasa, ko kuwa a rufe shi da yashi mai tsabta, a bi da tsakuwa, a danne da duwatsu. A bar ruwa ya fita, a hana ƙasa fita. Wurin da ya fi kowane son yoyo kuwa shi ne jikin bututun da ya ratsa ganuwa, da inda ganuwa ta haɗu da tudu ko da siminti, don a nan ne daɓe ba ya kamawa sosai.

Itace, gara da tsagewar ƙasa

Mutumin Maiduguri yana ƙaunar dogon yaro, kuma yana da dalili, don inuwarsa ce ta rufe titunan birnin. A wurin shaƙatawa kuwa inuwa ake nema. Amma a dasa shi a bakin tafki can nesa, kada a kan ganuwa. Saiwar itace ruwa take bi, za ta ratsa ganuwa har ta kai ga tafki. Muddin itacen yana da rai saiwar ta toshe hanyarta. Ranar da ya mutu ta ruɓe, ta bar bututu shiryayye. In kuma guguwar farkon damina ta tumɓuke shi, ya tafi da guntun ganuwa. Har wa yau duhuwa tana ɓoye yoyo da tsaga, ta kuma zama gidan dabbobi masu haƙa.

Madatsar Kelly Barnes a jihar Jojiya ta Amurka ƙarama ce, tsayinta kamar mita 12, kuma a ƙarshen rayuwarta tafkin shaƙatawa ne kurum. Itatuwa sun rufe ganuwarta. Da tsakar daren 6 ga Nuwamba, 1977, bayan kwanaki ana ruwa, ta karye a kan wata kwaleji da ke ƙarƙashinta, mutum 39 suka mutu, da yawansu yara. Wannan ne ya sa Shugaba Jimmy Carter ya ba da umurni a bi dubban madatsu a duba su ɗaya ɗaya.

Ƙananan itatuwa, bagaruwa da tumfafiya da sauransu, a sare su tun suna tsiro, kowace shekara, a ganuwa da kuma kamar mita 5 zuwa 10 bayan gindinta. Babban itace kuwa wanda ya riga ya kafu, kada a sare shi a bar kututture, kada kuma a sa masa wuta. Sai an rage ruwa, an tono saiwar, an cike ramin da yumɓu an daɓe, injiniya yana tsaye. Abin da ake so a bayan ganuwa shi ne gajeriyar ciyawa mai shimfiɗa irin kiri-kiri, wadda ke riƙe ƙasa ba ta kuwa ɓoye kome. Fuskar ganuwa kuma a jera mata duwatsu inda igiyar ruwa ke duka, a mayar da duk wanda ya zame.

Shuri a kan ganuwa ba abin raini ba ne, don abin da ke sama kaɗan ne daga gidan gara, sauran ɗakuna da hanyoyi suna ciki. Rushe kansa ba ya wadatarwa. A tona har a kai ga uwar, a cire, a cike a daɓe. Haka ramin gafiya da na damo da na beguwa.

Sai batun ƙasar kanta. A Borno akwai baƙar ƙasar nan da ake kira firgi, wadda kan kumbura da damina ta tsattsage da rani har hannu ya shiga. Ganuwar da aka yi da irinta, in ta sha zafin Afrilu da Mayu tafki kuma ya ja baya, takan buɗe baki. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwan fari kuma haka yake. Tsagar da ta bi tsawon doro tana nuna gefe ɗaya na shirin zamewa. Wadda ta gitta doro daga fuska zuwa baya ta fi haɗari, gama hanya ce buɗaɗɗiya daga tafki zuwa waje. A auna fāɗinta da zurfinta, a kafa turaku biyu a ɗaura zare a ga ko tana ƙaruwa, a rufe ta da leda kada ruwan sama ya shiga, kafin a zo a tone ta a sake cikewa. Kuma in za a rage ruwan tafki don gyara, a rage shi sannu sannu. Ƙasar da ta jiƙe, in aka janye ruwan da ke tokare da ita farat ɗaya, sai fuskar ganuwa ta sulale cikin tafki.

Mutane da dabbobi

Yawancin ɓarnar da ake yi wa ƙananan madatsu maƙwabta ne ke yi, ba da sani ba. Masu yin tubali su haƙi ƙasa a gindin ganuwa don ta fi laushi. Mai lambu ya yi kunya a bayanta, ko ya yanka doro ya shimfiɗa tiyo. Shanu su riƙa hawa da sauka ta wuri ɗaya har su yi turba, damina ta mai da turbar kwari. Motocin yashi su bi doro su bar sawu mai tara ruwa. Tsawa da tara ba su cika magance wannan ba. Abin da ya fi shi ne a zauna da bulama da sarkin ruwa da ardo da shugabannin matasa, a keɓe mashaya ta dabbobi nesa da ganuwa, a nuna wa masu tubali inda za su haƙa a cikin tafki can sama in ruwa ya janye, wanda ma taimako ne don yana rage lakar da ke cike tafki.

Game da masu zuwa shaƙatawa, a keɓe wurin wanka inda ƙasa ke gangarawa a hankali, a kafa alama da zane, ba rubutu kaɗai ba. A hana iyo kusa da mafitar rara da bakin bututu, don ruwan wurin yana ja ta ƙasa ko da samansa lumui yake. Kwalekwale kada ya ɗauki fiye da ƙima, kowa ya sa rigar da ke hana nutsewa, kuma a ajiye igiya da doguwar gora a bakin ruwa. Ruwan kwance yana tara dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya, saboda haka a gina makewayi nesa da tafki, a riƙa cire ciyawar bakin ruwa, yaron da aka ga jini a fitsarinsa kuma a kai shi asibiti, maganin yana nan. Tafkin Bagauda a Jihar Kano, da otal ɗinsa, ya taɓa kasancewa cikin shahararrun wuraren hutu na Arewa tun daga zamanin Gwamna Audu Baƙo, amma hakan bai hana madatsarsa ɓallewa ba a watan Agusta na 1988, ta yi ɓarnar gidaje da gonaki. Kyan wuri da yawan baƙi ba su ne shaidar lafiyar ganuwa ba.

Littafin madatsa da shirin ranar tsoro

Kowace madatsa, kome ƙanƙantarta, ta sami mutum ɗaya sananne wanda aikinsa ne duba ta, da littafi ɗaya. A kafa sandar awo a cikin tafki mai alamar santimita, a shafa jan fenti a inda ruwa bai kamata ya wuce ba. Da rani zagaye ɗaya a mako ya isa. Daga Yuli zuwa ƙarshen Satumba kuwa kullum ne, safe da yamma, har da dare in ana ruwa. Zagayen da ƙafa ake yinsa: a bi doro, a sauko a bi gindin baya, a dawo ta fuska, a ƙare a mafitar rara. A rubuta kwanan wata, tsayin ruwa, lokacin cikar bokiti, da duk abin da aka gani. Yanzu da kusan kowa ke da waya mai ɗaukar hoto, a riƙa ɗaukar wuri ɗaya daga tsayuwa ɗaya kowane wata, don canjin da ido ya saba da shi hoto yakan tona shi. Sau ɗaya a shekara, kafin damina, a gayyato injiniya daga ma'aikatar ruwa ta jiha ko Hukumar Raya Yankin Tafkin Chadi, wadda aka kafa a 1973 kuma hedkwatarta ke Maiduguri, a miƙa masa littafin. A kuma saurari hasashen damina da na ambaliya da hukumomin tarayya kan fitar a farkon kowace shekara.

Abin da ya fi ciwo a daren Alau shi ne ruwa ya tarar da mutane a kan shimfiɗa. Don haka tun da rani a zauna a amsa waɗansu tambayoyi, a rubuta amsar a manna a ƙofar masallaci da makaranta da gidan bulama. Waɗanne gidaje ne ruwa zai fara isa? Wane tudu za a nufa, ta wace hanya wadda ba ta ƙetare rafi ba? Wa zai ɗauki tsofaffi da marasa lafiya? Wa mai gadi zai kira da farko, in kuma waya ba ta shiga ba, wa ke da babur? A yi yarjejeniya a kan alama guda da kowa zai gane, ko lasifikar masallaci ko ganga, a kuma gwada ta sau ɗaya da rana kafin ruwan fari. Lalle ne a ba mai gadi ikon yin shela da kansa in ruwa ya kai jan fenti yana ci gaba da hawa, ko yoyo ya koma laka, ko doro ya lotsa, ba sai ya jira izni daga ofis ba. In ya tashi gari a banza sau ɗaya, kada a tsawata masa, don in aka kunyata shi, karo na biyu zai tsaya ya tabbatar tukuna.

In shela ta fita, kada kowa ya hau ganuwa kallo, kada kuma a koma ɗauko kaya. Ruwa mai gudu da ya kai ƙauri yana kayar da babban mutum, wanda ya kai gwiwa kuwa yana iya tafiya da ƙaramar mota. Takardun gida da na makaranta da katin asibiti a riƙa ajiye su cikin leda ɗaya a rataye kusa da ƙofa tun daga watan Yuli.